Sassaben Zamani: Yadda Ake Saran da Ke Mayar da Kututture Bishiya

Da zarar bazara ta gabato an fara wasa gatari don sharar gona, tambaya ɗaya ce manoma ke ta aiko mini: wai sassaben zamanin nan da aka ce ya dawo da itatuwa gonakin Maraɗi da Damagaram, yaya ake yin sa a aikace? Wasu a rediyo suka ji, wasu kuma da idonsu suka ga gawo ya cika gonaki a hanyar Tasawa ko Matamaye. Akwai ma waɗanda suka gwada bara suka ce iska ta karya musu duk abin da suka bari.

Asalin abin a taƙaice shi ne, a 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa sabara da kalgon da ake sarewa ana ƙonawa duk shekara kututtura ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa da ƙarfinta. Manoma suka riƙa gyara tohon maimakon share shi. Yau ana ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, ba tare da an yi reno a leda ko an yi ban ruwa ba. Aikin gaba ɗayansa sara ne, kuma wurin saran ake samun nasara ko asara: me ka yanke, me ka bari, ta ina bakin ƙarfen ya shiga.

1. Kayan aiki da kuɗinsu

Adda ce uwar aikin, ita ke yanke toho daga kaurin yatsa har zuwa kaurin wuyan hannu. Lauje na ƙananan rassa ne. Gatari sai an zo kan kauri. In da hali a nemi zarton hannu, domin reshe babba ya fi son zarto. Sai magagari ko dutsen wasa, da sanda mai baki biyu ta tokare ƙaya, da tsummoki masu launi na sa alama. Takalmi mai kaurin ƙasa dole ne, wanda ƙayar aduwa ta taɓa huda wa silifa ba ya bukatar a yi masa bayani.

Kuɗin wuri uku yake tafiya: sayen ƙarfe, wasa shi, da ƙwadago. Yawancin gidaje suna da adda da gatari, abin da ya rage a kai wa maƙeri ya gyara baki ya ɗaure ƙota. In za ka ɗauki ɗan ƙwadago, kada ku yi jinga a kan faɗin gona. Wanda aka yi wa jingar gona sauri yake yi, kuma mai sauri sharewa yake yi ƙwal. Ku yi ciniki a kan yini, ko a kan yawan kututturan da aka gyara, sannan ka tsaya a kansa ka nuna masa guda biyar na farko da hannunka.

Gwajin kaifi: ɗauki ɗanyen reshe mai kaurin babban yatsa. In sara ɗaya ya raba shi, wurin ya fito sumul, ƙarfe ya yi. In ya bar zare-zare ko ya murƙushe ɓawo, koma kan dutse.

Gargaɗi: duba ƙota kafin ka ɗaga gatari. A zafin bazara ice na bushewa ya tsuke, ruwan gatarin ya yi sako-sako, yana iya fita ya sami na kusa da kai.

2. Zagaya gonar kafin ka taɓa komai

Ranar farko ba ranar sara ba ce. Bi gonar daga wannan iyaka zuwa waccan kana duba abin da ya toho, kana ɗaura tsumma a jikin wanda kake so. A duba ƙasa sosai, domin 'ya'yan gawo da suka fito daga kashin dabbobi ƙanana ne, sau da yawa ba su wuce taƙi ba, su ne garma ke fara binnewa. Kafa sanda kusa da kowanne.

Wajen zaɓi, gawo shi ne na gaba. Yana zubar da ganye da damina lokacin da gero ke bukatar rana, ya yi kore da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci, ga taki da yake tarawa a gindinsa. Kalgo da sabara suna saurin ba da itacen girki, suna tare ƙasar da iska ke kwasowa, kuma binciken da aka yi a Senegal ya nuna saiwarsu na ɗago ruwa daga can ƙasa da dare, geron da ke kusa ya amfana. Magarya da aduwa da kanya suna da 'ya'yan da ke shiga kasuwa. Kirya da marke ice ne mai ƙarfi na turmi da ƙota, sai dai suna da jinkiri. Darbejiya kuwa ni ba na son ganin ta a tsakiyar gona, inuwarta ta yi duhu, bakin iyaka ya fi dacewa da ita.

Nawa za a bari? Da aka fara a Maraɗi ana ba da shawarar 40 a hekta ɗaya, wato tazarar kusan mita 16 ke nan tsakanin bishiya da bishiya. Daga baya manoma da kansu suka ƙara, wasu har sun wuce 100, da suka ga ba ta rage musu dame ba. In karon farko ne, fara da kaɗan. Mai huɗa da shanu ya zaɓi kututturan da suka yi kusan layi ɗaya da kunya, don kada garma ta riƙa karo da su.

Gargaɗi: in gonar aro ce ko haya ko jingina, yi magana da mai ita tun yanzu, a gaban shaidu, a kan wa ke da icen da wa ke da 'ya'yan. Bishiyar da ba ta da daraja yau, nan da shekara 5 ita ce za ta kai ku gaban mai gari.

3. Zaɓen tohon da za a bari a kan kowane kututture

Tsuguna ka buɗa sabarar da sanda. Za ka tarar da toho 20, wani lokaci 30 ko fiye, duk daga gindi ɗaya suna rabon abinci ɗaya, shi ya sa babu wanda ke zama bishiya a cikinsu. Zaɓi mafi tsawo, mafi miƙewa, mafi kauri, waɗanda ba su da rauni. A sabara da kalgo a bar uku zuwa biyar. A gawo da aduwa da kirya, inda babbar bishiya ake nema, ɗaya ko biyu sun isa.

Dalilin barin biyar shi ne a samu abin cirewa duk shekara ba tare da an rasa bishiyar ba, kuma in akuya ta karya ɗaya ko wani ya sace ɗaya, saura na nan. Fifita tohon da ya fito daga ƙasa-ƙasan kututture ko daga cikin ƙasa, ya fi kamawa da ƙarfi. Wanda ya fito daga saman tsohon sara yana iya ɓallewa in iskar farkon damina ta taso. Kuma kada duk biyar ɗin su kasance gefe ɗaya.

4. Saran kansa

Nan ne mafi yawan mutane ke ɓata aikin, don haka zan daɗe a kai.

Hannunmu ya saba da sara daga sama zuwa ƙasa, domin sassaben da muka gada na kashewa ne. A nan akasin haka ake yi: bakin adda daga ƙasa yake shiga ya fita sama. In ka sari reshe daga sama, kafin ƙarfe ya gama ratsawa nauyin reshen ya riga ya ja shi ƙasa, sai ya tsage ya tafi da ɓawon jikin uwar, ka ga doguwar tsaga fara fat tana naso. A ƙarƙashin ɓawon nan akwai wani siririn sashe mai danshi wanda shi ke kai abinci kuma shi ke rufe rauni. In an saɓule shi, wurin ya bushe, gara ta samu ƙofa, ruɓa ta bi baya. Saran da ya fito daga ƙasa kuwa ɓawon ƙasa yake fara yankewa, don haka ba abin da ya rage da zai saɓule.

Fara da tohon da ba a so. Ture shi gefe da sanda mai baki biyu har gindinsa ya bayyana, ka yanke shi dab da kututture, a karkace, yadda ruwan sama zai gangare maimakon ya kwanta a kai. Kula kada ƙarfen ya wuce ya sami wanda aka zaɓa. In sun matsu da juna sosai, ajiye adda ka ɗauki lauje ko zarto, jinkirin ya fi asarar.

Sannan ka koma kan waɗanda aka bari ka share musu rassan gefe, daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu kawai. Toho mai mita ɗaya, rabin mita za a share. In ya wuce tsawon mutum, wato mita 2 zuwa sama, ana iya kai wa kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka ce mini iska ta karya musu komai, da aka bincika kusan dukansu abu ɗaya suka yi: sun aske tohon tas sun bar ɗan tuntu a kai kamar zankon yaro. Ganye shi ke dafa wa bishiya abinci. In aka kwashe shi, jikin ya yi tsawo ba kauri, iska ta karya shi ko akuya ta tanƙwaro shi ta cinye kan.

A ina daidai ake yanke reshen gefe? Duba inda ya haɗu da uwa, za ka ga ɗan kumburi ya zagaye gindinsa. A gaban kumburin nan ake yankewa, ba a taɓa shi, domin daga nan sabon ɓawo ke tasowa ya rufe wurin. Wanda ya share har kumburin ya buɗe rauni mai faɗi. Wanda kuma ya bar guntu mai tsawon yatsa, guntun zai mutu ya ruɓe ya kai ruɓar ciki.

Gargaɗi: tun da ƙarfen sama yake tafiya, hannun da ke riƙe da toho da fuskarka su ne a hanyarsa. Riƙe can sama nesa da wurin sara, ko ka tokare da sanda, ka tsaya ta gefe. Gajeren sara daga wuyan hannu ake yi, ba a zage ƙarfi daga kafaɗa. In kuma akwai tumfafiya a wurin, kiyayi ruwanta, in ya shiga ido yana yin mummunan lahani. A wanke da ruwa mai yawa nan take a nufi asibiti.

5. Ɗaurewa da kariya

Haɗa tohon da aka bari ka ɗaure su sako-sako da ɓawon kalgo ko tsumma, su tallafi juna. Kada a yi amfani da waya ko igiyar roba, in jiki ya yi kauri tana nutsewa ciki ta shaƙe shi. Rassan ƙayar da ka sare, na magarya ko aduwa, jibge su kewaye da gindin don dabbobi. Rassan kalgo da sabara a bar su a ƙasa ganyen ya kakkaɓe, daga baya a kwashi ƙiraren a kai gida.

Gargaɗi: kada a tara shara a gindin kututture a cinna wuta. Wutar minti kaɗan tana dafa ɓawon toho, ba za ka gane ba sai bayan mako biyu ka ga ya yi yaushi. In ƙonawa ta zama dole, a ja sharar nesa, a duba ta ina iska ke kaɗawa.

Tsumman da ke jikin bishiya saƙo ne ga masu neman ice cewa wannan da mai shi, amma tsumma kaɗai ba ya hana mai gatari. A Ɗan Saga da ke jihar Maraɗi, abin da ya riƙe aikin shi ne kwamitin gari da ya haɗa maza da mata da makiyaya, suka sa doka da tara. In ku biyar ne maƙwabtan gona kuka yi tare, kuka sanar da mai unguwa da arɗo, ya fi mutum ɗaya ya yi ta faɗa da jama'a shi kaɗai.

6. Komawa

Kututturen da aka sara zai sake fitar da sabon toho, wannan ba makawa. A koma duk bayan wata 2 zuwa 6 a cire shi tun yana da taushi. Lokacin noman farko da maimai ya dace, tun da kana cikin gonar da fartanya. Daga shekara ta biyu ko ta uku ana iya cire ɗaya daga cikin biyar ɗin a yi gwafa ko itacen girki, a bar sabon toho ɗaya ya maye gurbinsa. Mafi kyawun cikinsu kuwa ba a taɓa shi, shi ne zai zama bishiyar.

7. Sauke babban reshe: sara uku

Bayan wasu shekaru reshe zai yi kauri ya rufe shuka, ko kauci ya kama shi. Irin wannan ba a sauke shi da sara ɗaya, nauyinsa zai saɓule ɓawon uwar har ƙasa.

Na farko: daga ƙasan reshen, kimanin santimita 30 daga jikin uwa, ka yanka sama har kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Kada ka wuce haka, reshen zai danne zarton ya kama shi.

Na biyu: daga sama, ɗan gaba kaɗan da na farko ta wajen ganye, ka yanka har ya faɗi. Tsagar za ta tsaya a saran farko.

Na uku: guntun da ya rage, wanda yanzu ba shi da nauyi, ka cire shi a gaban kumburin nan.

Ba a shafa baƙin mai ko fenti a wurin. Mutane na yi da niyyar magani, amma baƙin mai ƙona ɓawon da zai rufe raunin yake yi. Sara mai tsabta da rani yana bushewa da kansa. In kauci ne, a yanke reshen can baya da inda ya kama, domin jijiyarsa ta riga ta shiga cikin icen.

8. Sassaro gawo don dabbobi

Da rani ya tsananta, hawa gawo da barandami abu ne da aka saba, kuma ba laifi ba ne in an san iyaka. Iyakar ita ce kada a sauke fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassan a shekara, kada a taɓa kan bishiyar, kuma wanda aka sassara bana a bar shi ya huta baɗi. Rassa masu kaurin hannu zuwa ƙasa ake ɗauka, manyan da ke riƙe da siffar bishiyar a ƙyale su. Gawon da aka yi wa ƙwal yana daɗewa bai yi 'ya'yan kirki ba, alhali 'ya'yan sun fi ganyen amfani ga dabba kuma ana sayar da su a buhu. Yakan kuma rikice ya fito da ganye cikin damina, ya yi wa geron inuwar da aka bar shi don ba ya yi. Ana ba da labarin cewa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun saran gawo laifi ne mai hukunci mai tsanani, kuma yankin na cikin inda gawo ya fi yawa har yau.

Gargaɗi: kada mutum ya tsaya a kan reshen da ya bushe, kada kuma a kora dabbobi gindin bishiya sai mai sara ya sauko.

9. Kayar da bishiya gaba ɗaya

Kafin gatari, takarda. A Nijar gawo na cikin itatuwan da doka ta kare. Dokar da aka fitar a 2020 ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena ta wannan hanya, amma duk da haka a sanar da jami'an gandun daji kafin a kayar da babba. A Najeriya kowace jiha da dokarta, sai a tuntuɓi malamin daji a ƙaramar hukuma.

Duba inda bishiyar ta karkata da inda rassanta suka fi nauyi, can za ta so faɗuwa, kada ka yi jayayya da ita. Share hanyar gudu guda biyu ta bayanka, a karkace hagu da dama. Kowa ya matsa nesa da ninki biyu na tsawon bishiyar. Ta gefen da za ta faɗi, sassaƙe baki mai zurfin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kaurinta. Sai ka koma baya ka yi saran ƙarshe ɗan sama kaɗan da ƙasan bakin. Kada ka ratsa gaba ɗaya, bar ɗan ice a tsakani, shi ke riƙe ta ya jagorance ta zuwa inda ka nufa. Da ka ji ta fara ƙara, ka yi magana da ƙarfi, ka ajiye gatari ka bi hanyar da ka share. Ba a tsayawa daidai bayan gindi, yana iya harbowa baya.

In ana son ta sake tohowa, kamar darbejiya da kalgo da turare, a gyara kututturen ya zama gajere, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, samansa a karkace, ɓawonsa bai ɗaye ba. Dogon kututture mai kai gwiwa ko ƙugu toho mara ƙarfi yake bayarwa. Ƙarshen rani ya fi dacewa da wannan sara, domin ruwan farko na sauka toho zai taso, kuma a lokacin dabbobi sun fara barin gonaki.

Gargaɗi: in bishiyar ta faɗa kan wata ta rataye, kada kowa ya shiga ƙarƙashinta, kada kuma a sare wadda ta riƙe ta. A ɗaura doguwar igiya a gindin wadda ta faɗin, a ja daga nesa da mutane ko da shanu. Kuma ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi, ko hadari ya haɗo, a ɗage aikin zuwa wata rana.